Laifin Jijiya, Hukuncin Mahaifa

A bakin Bahaushe, abu huɗu ake yi wa mahaifa a asibiti: a wanke ta, a ɗaure ta, a juya ta, ko a cire ta. Uku daga ciki ba su faɗi abin da hannun likita ya yi ba. In aka ce an yi wa mace wankin mahaifa, ragowar ɓari aka zuƙo ko aka kankare. In aka ce an juya mata mahaifa, mahaifar tana nan zaune yadda Allah ya ajiye ta, bututun da ƙwai ke bi ne aka ƙulle ko aka datse. Ɗauri kuwa iri biyu ne masu gaba da juna, wata an ɗaure don kada ciki ya shiga, wata an ɗaure mata bakin mahaifa don kada cikin da ya shiga ya zube. Cirewa kaɗai ce ta yi kama da sunanta. Amma ko ita, idan zazzagowar mahaifa ce ta kai mace tiyata, rabin labari ta faɗa, kuma ba rabin da ya fi nauyi ba.

Ita kanta cutar ba ta da tsayayyen suna a wajenmu. Ma'aikatan lafiya kan ce zazzagowa, ko saukowa, ko fitowar mahaifa. Mai cutar kuwa da wuya ta ambaci ko ɗaya. Bayan dogon kewaye-kewaye za ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, wani abu ne ke fito min ta ƙasa, in na kwanta ya koma." Wannan jimla ta fi yawancin sunayen littafi daidai, domin ba ta yi da'awar sanin mene ne abin ba. Kalmar da likitoci ke amfani da ita, furolafs, daga Latinanci take, ma'anarta zamewa gaba. In abin ya fito waje gaba ɗaya sai su ce furosidensiya, wato faɗowa. Sannan akwai wasu 'yan uku masu ƙarewa da "sil", daga kalmar Girkanci "kele", wadda ke nufin kumburi ko ƙaba: sistosil idan mafitsara ce ta turo bangon farji na gaba, rektosil idan hanjin dubura ne ya turo na baya, entarosil idan ƙaramin hanji ne ya sauko ta sama. Matsalar waɗannan sunaye ita ce likita bango kawai yake gani, abin da ke bayan bangon zato yake yi, kuma sau da yawa sai an buɗe a tarar da wani abu daban. Shi ya sa a 1996 manyan ƙungiyoyin wannan fanni suka amince da wani ma'auni, POP-Q, wanda ya bar zato ya koma awo. An mai da gurbin tantanin budurci sifiri. Ana sa mace ta yi yunƙuri, a auna wurare tara da santimita, abin da ke ciki a rubuta shi da alamar ragi, abin da ya leƙo waje da alamar ƙari, sannan a ba cutar mataki daga 0 zuwa 4. Daga nan aka fara cewa "zazzagowar bangon gaba", "bangon baya", da "ƙololuwa". A riƙe wannan ta ƙarshen, don a kanta duk rigimar take.

Sunan tiyatar, histarektomi, haɗin kalmomin Girkanci biyu ne: "histera", mahaifa, da "ektome", yanke abu a fitar. Daga wannan "histera" ce Turawa suka samo sunan cutar firgita da suka daɗe suna liƙa wa mata, domin mutanen da sun ɗauka mahaifa wata halitta ce mai yawo a jiki, mai son ƙamshi, mai gudun wari. Idan ta sauko sai a turara abu mai ɗoyi daga ƙasa, a kai ƙamshi hanci, wai ta gudu ta koma sama. A rubuce-rubucen da ake jingina wa Hifokiratis har da ɗaure mace a jikin tsani, kai ƙasa ƙafa sama, a yi ta girgizawa. Mun bar tsani da turare, amma tunanin da ke ƙarƙashinsu ya biyo mu har cikin sunan aikin: mahaifa ce mai laifi, ita za a hukunta.

Alhali ba ita ta kai kanta ƙasa ba. Tun 1934 Victor Bonney, babban likitan mata na Landan, ya nuna cewa mahaifa 'yar rakiya ce a wannan tafiya. Abin da ke riƙe da kayan cikin mace iri biyu ne. Akwai faffaɗar tsoka da ta shimfiɗu a gindin ƙugu, kayan suna zaune a kanta. Akwai kuma wasu igiyoyin nama da suka ɗaure bakin mahaifa da saman farji, biyu sun nufi baya zuwa ƙashin tsatso, biyu sun nufi gefe da gefe. Na gefen su ne ake kira da sunan Mackenrodt, likitan Balin da ya bayyana su a 1895. A Hausa duk jijiya muke ce musu, kamar yadda muke ce wa ta jini jijiya, ta motsi jijiya, ta agara jijiya. Wannan kan rikitar da mai jinya, don in likita ya ce zai yanke jijiya ya sake ɗaurewa, sai dangi su fara tunanin shanyewar ƙafa. Waɗannan igiyoyin ba sa ɗauke da saƙon motsi, aikinsu riƙo ne. Doguwar naƙuda, yunƙuri tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, haihuwa bisa haihuwa, dakon ruwa da itace da ɗanyen jego, tsohon tari, taurin bayan gida, da ɗaukewar al'ada, su ke yaga tsokar su saki igiyoyin. A 1992 John DeLancey na Jami'ar Mishigan ya kasa riƙon farji hawa uku, na sama rataye, na tsakiya manne da gefen ƙugu, na ƙasa haɗe da naman da ke kewaye da ƙofa. Idan na sama ya saki, farji yakan juyo kamar aljihun da aka zaro waje, mahaifa kuma ta biyo shi don a gindin aljihun take liƙe. To in ka yanke ta ka ɗinke gurbin ka tafi, me ka gyara? Aljihun yana nan yadda yake, ba abin da ya riƙe shi. Bayan shekara kaɗan matar za ta dawo da ƙullutu iri ɗaya, tana mamakin me kuma ya fito alhali an ce an cire. Ƙololuwar farjin ce da kanta.

Mu duba yadda ake aikin, don a nan za a ga inda sunan ya tsaya da inda aikin ya ci gaba. Galibi ta farji ake bi, ba a tsaga ciki, sau da yawa da allurar baya. Likita zai kama bakin mahaifa ya jawo, ya zagaye shi da wuƙa, ya ture mafitsara sama, ya buɗe tantanin ciki ta baya da ta gaba. Daga nan sai hawa-hawa, dama da hagu: a matse da awartakin tiyata, a yanke, a ɗaure. Igiyoyin baya ne farko, sai na gefe, sai jijiyoyin jinin mahaifa, sai na can sama inda bututun ƙwai yake. Wannan tsari da awartakin mai lanƙwasa da ake yin sa da shi duk sunan Noble Sproat Heaney na Shikago suke ɗauke da shi, wanda a 1934 ya ba da rahoton irin wannan aiki 565. Hankalin likita a duk tsawon lokacin yana kan bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda, wanda ke wucewa kamar santimita biyu kacal daga bakin mahaifa. Ana cikin haka mahaifa za ta fito, a ajiye ta a tasa. A nan ma'anar histarektomi ta ƙare, kuma a nan gwanintar likita take farawa. Zaren da ya ɗaure igiyoyin baya da shi tun farko bai yanke shi ba, ya bar shi da tsawo an maƙale a gefe, domin zai dawo gare shi.

Kafin mu bi zaren, akwai wata kalma mai tsorata mata a banza. In takarda ta ce an cire "duka", abin nufi mahaifa da bakinta. Ma'ajiyar ƙwai ba ta ciki, cire ta aiki ne daban mai sunansa daban. Macen da aka bar mata ita al'ada za ta ɗauke, haihuwa ta ƙare, amma sinadaran jikinta na mace suna nan suna aiki, kuma zaman aure bai ƙare ba. Gidaje nawa ne wannan rashin bayani ya girgiza, Allah kaɗai ya sani.

Zaren nan da aka bari, a 1957 Milton McCall na New Orleans ya nuna abin da ya kamata a yi da shi. A bayan mahaifa akwai wani lungu tsakaninta da hanjin dubura, mai ɗauke da sunan James Douglas, ɗan Sikotilan da ya bayyana shi a 1730. Faransawa na kiran irin wannan lungu da abin da ke nufin gindin buhu, daga nan sunan aikin McCall, kaldoflasti, ya fito. Allura za ta ratsa igiyar baya ta hagu, ta tsinci tantanin lungun kaɗan-kaɗan, ta ratsa igiyar dama, sannan a fito da bakin zaren ta bangon farji na baya. Da an ja an ƙulle, abu biyu sun faru lokaci guda: lungun da hanji zai bi ya sauko ya rufe, ƙololuwar farji kuma ta haye sama ta rataya a igiyoyin da a da suke riƙe da mahaifa. Mintuna kaɗan ne a ƙarshen aiki. Wani gwaji da aka buga a 1999 ya kwatanta wannan ɗinki da wasu hanyoyi biyu na rufe wurin, bayan shekara uku na McCall ne ya fi hana hanji saukowa. Inda akwai kayan aiki, akan leƙa mafitsara da madubi kafin a tashi, a ga fitsari na tsartuwa daga ɓangarorin biyu, don a tabbata zaren bai lanƙwasa bututun ƙoda ba. Duk da haka, takardar izinin da mace ko mijinta ke sa wa hannu "cire mahaifa" take cewa, wani lokaci da ƙarin "gyaran ƙasan ƙugu". Tsofaffin littattafan da ake karantawa a Indiya da sauran ƙasashen renon Ingila suna kiran haɗin da Ward-Mayo, sunayen likitocin Amurka biyu. Ba inda aka ambaci ƙololuwa.

Ina da ƙorafi a kan wannan al'ada ta laƙaba wa aiki sunan mutum. Suna linzami ne, in ji Hausawa, amma wannan linzamin ba ya juya kowa zuwa ga fahimta. "McCall" bai gaya wa ɗalibi inda allura za ta shiga ba, likitoci biyu kuma kan yi ɗinki daban-daban kowa ya rubuta McCall. Sannan ga tambayar wa aka tuna, wa aka manta. A 1813 Conrad Langenbeck na Göttingen ta Jamus ya cire wa wata mata mahaifar da ta zazzago, ba maganin kashe zafi, jini ya ɓalle, har sai da ya riƙe bakin zare da haƙori yana ƙullawa da hannu ɗaya. Abokan aikinsa ba su yarda ya yi ba, sai bayan shekara 26 da matar ta rasu aka buɗe gawarta aka ga babu mahaifa. Sunansa ya shiga tarihi, ita da ta sha wuƙa ido biyu ba a damu da nata ba. Tun kafin shi, a ƙarni na 17, Percival Willughby ya rubuta labarin wata baƙauya a Ingila da mahaifarta ta faɗo tana ɗauke da kaya mai nauyi, ta gaji, ta jawo ta ta datse da wuƙa. Ta rayu shekaru da yawa, amma da yoyon fitsari. Ƙarfen da ake buɗa farji da shi a duba zazzagowa har gobe sunan Marion Sims yake amsawa, mutumin da ya koyi aikinsa a jikin bayi mata baƙar fata a Alabama tsakanin 1845 da 1849. Uku kawai aka san sunayensu: Anarcha, Betsey da Lucy. Sai a 2018 aka ɗauke gunkinsa daga babban lambun birnin New York. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sunayen da suka fi gaskiya su ne masu ƙarewa da "feksi", daga Girkanci, ma'ana kafewa. Dogaye ne, masu karya harshe, amma in ka warware su za ka ga adireshi ne: me aka kafe, a ina. "Kolfo" farji ne, "histero" mahaifa, "sakro" ƙashin tsatso. Idan igiyoyin baya sun lalace, akan kafe ƙololuwa a wata jijiya mai ƙarfi da ta taso daga wani tsinin ƙashi a gefen ƙugu zuwa tsatso. Amreich ya share hanyar a 1951, Richter ya daidaita ta a 1968, Randall da Nichols suka kai ta Amurka a 1971. Yawanci a dama ake yi, a sa zaren kamar faɗin yatsa biyu daga tsinin, don jijiyoyin jini da na ji suna bi ta bayansa. Mata da yawa kan tashi da ciwon ɗuwawu a wannan ɓangare na 'yan makonni. Wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2014 ya gwada wannan da ratayewa a igiyoyin baya, bayan shekara biyu ba wanda ya fi wani. Sakrokolfofeksi kuwa, wanda Lane ya bayyana a 1962, ta ciki ake yin sa, yanzu galibi da madubi ta 'yan ƙananan huda, a ɗinka raga daga ƙololuwa zuwa goshin ƙashin tsatso. Yana daɗewa bai saki ba. A nan ne ma likitoci da yawa kan bar bakin mahaifa su cire gangar jikinta kawai, don ragar ta samu abin kamawa ba tare da ta ɓullo cikin farji ba.

Da aka zo kan raga sai 'yan kasuwa suka karɓi raɗin suna, kuma sun iya. Prolift, Elevate, Uphold: kowanne da Ingilishi alkawarin ɗagawa da riƙewa yake yi. Waɗannan ragar roba ce da ake cusawa ta farji, ba irin wadda ake sawa ta ciki ba. Dubban mata sun ƙare da ciwo marar yankewa da raga mai cin nama. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2008 da 2011, Ingila ta dakatar a 2018, a watan Afrilun 2019 kuma Amurka ta hana sayar da su don gyaran zazzagowa.

Akwai aiki ɗaya da ɓoye shi a bayan sunan mutum ya fi kowanne haɗari. In aka ce za a yi wa tsohuwa "Le Fort", abin nufi za a rufe farjin. Ana ɗaye fatar bangon gaba da na baya a ɗinke su da juna, a bar 'yan hanyoyi biyu a gefe don ruwa ya samu mafita, mahaifa na can sama a tsare. Léon Le Fort na Faris ya wallafa shi a 1877, kodayake Neugebauer ya riga shi yi a Warso da shekara goma. (Le Fort ɗin da likitocin ƙashi ke ambata a karayar fuska ɗan ɗan'uwansa ne, René.) Aiki ne gajere, mai sauƙi ga jikin da ba zai jure doguwar tiyata ba, kuma da wuya ya warware. Amma bayansa babu saduwa har abada. Sunansa na Girkanci, kolfokilaisis, rufe farji yake nufi ƙarara. Wannan ne ya kamata a fassara wa mace da Hausa, a bakinta a ji amsa, ba a bakin ɗanta da ya kawo ta ba, kuma kada a yanke mata hukunci da ganin furfura.

Tunda mahaifa ba ita ce mai laifi ba, me zai hana a bar ta? Tambayar ta girmi kowa a cikinmu. A 1888 Archibald Donald na asibitin St Mary's da ke Mancesta ya fara wani aiki da William Fothergill ya gyara daga baya: a rage tsawon bakin mahaifa, a jawo igiyoyin gefe a ɗinke su a gaban kututturen, a gyara bango. Wasu su ce aikin Fothergill, wasu Donald-Fothergill, a ƙarshe sunan garin ya rinjayi na mutanen. Aibinsa ga mai son haihuwa shi ne bakin mahaifar da aka rage kan toshe, ko ya kasa riƙe ciki. Likitocin Indiya, da suke ganin 'yan mata masu zazzagowa tun ba su gama haihuwa ba, sai suka ɓullo da ratayewa da maɗauri ba tare da an cire komai ba. Shirodkar na Bombay ya ɗaure bakin mahaifa zuwa tsatso, Purandare ya rataye shi a bangon ciki na gaba. Wannan Shirodkar ɗin dai shi ne mai ɗaurin bakin mahaifa na hana ɓari, don haka sunansa kaɗai a takarda bai isa a san wanne aka yi ba. Halin da suka gani ya fi kusa da namu, inda mace 'yar shekara 25 za ta gwammace ta zauna da ƙullutu a ɓoye da a ce an cire mata mahaifa. Irin wannan ya kamata ta ji cewa akwai zoben roba da ake sawa ya tallafe kayan ba tare da wuƙa ba, akwai kuma tiyatar da ba cirewa a cikinta.

Holan ce ta sa waɗannan hanyoyi a sikeli. A 2015 wani gwaji da mata 208 ya nuna kafe mahaifa a jijiyar gefen ƙugu bai gaza cire ta ba. A 2023 wani gwajin, da mata 434 a asibitoci 26, ya haɗa wannan kafewar da tsohon aikin Mancesta. Bayan shekara biyu Mancesta ya yi nasara a kusan 87 cikin ɗari, kafewar kuwa 77. Aikin da ya haura shekara 130, wanda wurare da yawa suka jingine a matsayin kayan tarihi, shi ya zo gaba. Sai dai matan da aka yi wannan gwajin na 2023 a kansu duk mahaifarsu ba ta wuce sifirin nan na ma'auni ba. Wadda ta iso asibiti a mataki na 4, bayan shekara goma tana turawa da hannu, da gyambo a bakin mahaifa saboda gugar zane, lissafinta daban ne. Ita sai an fara mayar da kayan ciki an yi jinyar gyambon ya warke, kafin a zauna maganar wace jijiya ce ta rage da za ta iya riƙe zare.